Wardin Hajo

"Kubura, sauke hannunki daga wardina."

Na daskare, ƙullin furen yana tsakanin faratana. Matar da idonta ya daɗe da tafiya, wai ita ce ta kama ni!

"Tsutsa nike cire maki, Yaya Hajo."

"Tsutsa mai zane da ɗankwali ce ke cinye shi. Kullum kika gaishe ni, yatsunki ƙamshin wardi suke."

Hajo maƙwabciyata ce a Ƙofar Marusa, katanga ɗaya ta raba mu. Wardin nan kuwa, kakarta ce ta taho da shi cikin tukunya daga hajjin ƙasa. Furensa ɗan ƙarami, koɗaɗɗe, amma in ya buɗe har masu tallar fura sai sun tsaya a zaure. Ɗanta Sagir ya taɓa kawo mata na zamani daga Jos, jajaye manya-manya. Ta sansana ɗaya bayan ɗaya ta ture.

"Ado ba ƙamshi. Je ka kai ma 'yan siyasa, tunda soja sun sakar masu kujera."

Da ciwo ya kwantar da ita farkon daminar nan, sai ta ce abu guda take roƙon Allah: ta shaƙi furen bana, a kuma zuba shi a ruwan wankanta. Ni kuwa da wayona na ce to, in bai buɗe ba ai ba ta tafiya. Ya ƙulla, in tsinke, in ɗora wa akuyata laifi. Baiwar Allah har tsinuwa ta sha a unguwa.

Da ta ritsa ni yau na faɗa mata dalilina, Hajo ta yi dariya har da tari.

"Ke dai ba ki girma! Mala'ika zai tsaya jiran fure? Ƙamshin kawai kike hana ni. Ɗauko wuƙa."

Daga kan tabarma ta riƙa ba ni umarni. Reshe mai kaurin tsinken tsire, a yanka a karkace, a zage ganyen ƙasa, yashi da tsohon takin tumaki. Na dasa rassan a gwangwanayen madara, ta ce kowane gida a kai ɗaya.

"Har gidan Saudatu, da ta ce miyarki ba gishiri?"

"Ita ki ba ta mai ƙaya."

Ranar Juma'a da hantsi furen ya buɗe. Na ɗora mata a tafin hannu. Ta ja numfashi, ta lumshe ido.

"Alhamdulillahi. To, ba ni labari, wa aka saka, wa aka mayar?"

Na zazzage mata tsegumin unguwa kaf. Bayan la'asar ta cika, da kalmar shahada a bakinta. Ni na yi mata wanka, na zuba furen a ruwan ƙarshe.

Yau da safe na ga nawa gwangwanin ya fid da jan toho, ɗan mitsitsi. Akuyar tana tsaye tana kallonsa. Na kifa masa kwando, na ɗora dutse.