Mai Askin Astoria Ya Zo Kallo

Talia Kostas tana ɗaura ɗankwalinta mai furanni a bayan dandali, sai abokiyar wasanta Rhoda ta leƙa ta kafar labule ta kwashe da dariya.

"Ke, zo ki ga ikon Allah. Wani tsoho a layin gaba, har da kwat da laktaye. Ko ya ɗauka coci ce?"

Talia ta leƙa. Mahaifinta ne, Stavros mai aski na unguwar Astoria, zaune tsakiyar samari masu gashi har kafaɗa, hularsa a kan gwiwa. Rabonta da shi tun bazara, ranar da ta ce ta bar karatun jinya ta shiga wasan kiɗan rock a wani tsohon sito da ke unguwar East Village. Ya ce in ta fita kada ta dawo. Ga yayanta Nikos yana fagen yaƙi a Vietnam, hotonsa da kaki manne a madubin shagon. Ita kuwa waƙar da za ta rera da yammacin nan ta tsine wa yaƙin ce.

"Babana ne," in ji ta.

"Mun shiga uku! Ya zo da almakashi?"

Aka saki ganga, jita ta ɗauki kuka, matasa suka cika dandali da tsalle ba takalmi. Tsohon ko motsi. Da aka zo kan waƙarta, Talia ta fito ita kaɗai, tana jiran ya miƙe ya kira sunanta a bainar jama'a. Bai miƙe ba. Ya dai sunkuyar da kai har ta ƙare.

Bayan an tashi, sai ga shi a ɗakin canza kaya. Dwight mai ganga ya ɗaga masa yatsu biyu, gaisuwar masu adawa da yaƙi.

"Zaman lafiya, Baba."

Stavros ya ƙare wa sumarsa kallo. "Yaro, in ba za ka aske ba, ka riƙa wankewa."

Ya juyo wajen 'yarsa. "Kun kusa kurmantar da ni. Rabin ihun nan ban gane ba. Amma waƙar da kika yi, ta matar da ke gyara gadon ɗanta kullum safiya alhali ba ya nan, wa ya ba masu tsara ta labarin uwarki?"

"Ni na tsara ta, Baba."

Ya murza bakin hularsa.

"Kin ɗauka don na manna hoto ina son yaƙin nan? Ɗana nake so ya dawo."

Sai a lokacin ta saki numfashi. Ta zauna a kan akwatin ganga tana dariya, hawaye na wanke mata kwalliya.

"Tashi, ba lokacin kuka," ya ce. "Uwarki na waje. Ta ƙi shigowa, wai an ce mata tsirara kuke yi. Tun azahar take riƙe da tiren fanken alayyahu."

Rhoda ce ta riga kowa fita. Suka tarar da uwar a bakin titi, ta damƙi hannun Talia tana juya shi.

"Dubi yadda kika rame. Duk ku zo ku ci, har kai mai gashin."