Kifaye Tara na Alhaji Mainasara

"A hankali! Kai, a hankali na ce! Ko sayar da ku aka yi ku huɗun, ba ku biya shi!"

Alhaji Mainasara ne ke wannan ihu, yana ja da baya, babbar riga na harɗe masa ƙafa, ƙarti huɗu na nishi da wani akwatin gilashi za su kai falo. Talatu na leƙe daga tsakar gida, muciya a hannu. Ta ɗauka talabijin ce. Sai da aka juye garwa shida a ciki, aka kwance bakin wata leda, sannan ta ga abin da ya tara unguwa: kifaye tara, jajaye kamar manja, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba.

"Alhaji, na miya ne?"

"Miya! Haba matar yaya, har yau ƙauyanci bai sake ki ba? Na kallo ne. Duk wani mai ji da kansa a Kaduna yana da su."

Shekarun nan ne da kuɗin man fetur suka ɓalle, kowa ya zama ɗan kwangila. Alhaji, da jiya-jiya yake awon gyaɗa a kasuwar Daura, ya gina kwalbati uku, biyu suka rufta, ya sayi Fijo. Gidan kuwa na gado ne, nasa da wansa Dabo, mijin Talatu. Shekara uku da rasuwar Dabo, ba a raba ba, ba a ko tayar da maganar. Alhaji ya rushe ko'ina ya zuba siminti, ya bar ɗakin ƙasa guda a kusurwa, wanda Dabo ya gina da hannunsa. Nan Talatu ke zaune da 'yarta Auta. In an yi ruwa, kwano uku suke tarawa.

Hajiya Zinariya, matar Alhaji, ta ce ita ƙarni na tayar mata da zuciya. Sai kiwo ya faɗo kan Talatu.

Alhaji ya zayyana mata dokokin Kwara, Balaraben ɗan kasuwar da ya sayar masa da su a Kano. Abinci ɗan tsunkule, sau ɗaya da safe. Duk Juma'a a rage sulusin ruwan, a cika da wanda ya kwana a randa. Sabulu da toka kada su kusanci gilashin.

"Alhamis ta sama Injiniya Maharazu zai zo cin abinci," in ji shi. "Shi zai sa hannu a kwangilar hanyar Zango. So nake ya shigo ya san gidan wayayye ya shigo. In ɗaya ya mutu kafin nan, ki ɗaure kayanki sai garinku Babban Mutum, wurin danginki. Dama gareji nake so a wurin ɗakin nan."

Cikin dariya ya faɗa, wai wasan ƙanin miji. Talatu ma ta dara, amma dariyar yaƙe ce. Ta san Alhaji, da dariya yake yanka.

*

Kafin Azahar labari ya gama gari, mata suka fara zuwa barka. To, wa ke zuwa barka hannu rabbana? Wannan ta marmasa ƙuli-ƙuli, waccan ta jefa ƙosai. Tsohuwa Maiturare ta maƙwabta ta ɓare goro, ta tauna, ta tofa musu.

"Inna, ba sa cin goro!" in ji Talatu.

"Ke tafi can! Baƙo ya zo gari a hana shi goro? Dubi bakinsu, sai motsi yake. Yunwa ce, kun bar bayin Allah da garin gwangwani."

Talatu ba ta iya hana manya. Sai ta jira su fita, ta bi da ludayi tana tsame gara. Haka ta yini kullum, har ta fara gane kifayen ɗaya-ɗaya, su ma in ta doso sai su taru a gefenta. Abin kunya, ta fara son su. Rabon da wani a gidan ya yi murnar ganinta, tun Dabo na raye.

Auta ta kwana biyar tana tari, ba wanda ya ce mata sannu. Ran da ƙaramin kifin ya ƙi cin abinci kuwa, Alhaji ya tura Fijo aka ɗauko malamin dabbobi. Mutumin ya zagaya akwatin sau biyu, ya sosa ƙeya.

"Ranka ya daɗe, ni fa shanu na karanta."

Talatu ce ta tsame ɗan kifin, ta sa shi cikin kwalla da ruwan randarta, kada ya shafa wa sauran. Ta kai shi ɗaki kusa da tabarmar Auta, ta haɗa jinya biyu.

*

Ran Alhamis aka yanka rago, aka turara falo har ido na yaji. Alhaji ya shigo cikin shadda mai ƙara, ya sunkuya kan akwatin, ya ja hanci.

"Ƙarni nake ji."

Talatu ta ce, "Gobe ne ranar canjin ruwa. In ka ba ni lokaci kaɗan, yanzu zan rage."

"Ina lokacin? Mutum ya baro masauki!" Ya zaro kwalbar turare daga aljihu.

"Alhaji, don girman Allah kar ka zuba!"

"Kwara ya ce sabulu, ya ce toka. Kin ji ya ce turare? Turaren da na sayo a Makka da hannuna shi zai kashe kifi? Ki yi istigfari." Ya tuttula rabin kwalba, ya motsa da yatsa, ya shafa ragowar a gemu.

Injiniya Maharazu ya iso, ya ci naman rago, ya yaba. Talatu ta shigo ɗauke kwanuka daidai lokacin da Alhaji ke cewa, "Ranka ya daɗe, zo ka ga 'yan dabbobina."

Takwas ɗin nan suna saman ruwa, ciki a sama, sai ƙamshi ke tashi.

"Ƙailula suke," in ji Alhaji. "Haka suke yi bayan Azahar." Ya ƙwanƙwasa gilashi. Ko gezau.

Injiniya ya shaƙa, ya dubi ruwan da ke naso kamar romo, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wa ya feshe su da turare?"

Alhaji bai ko ƙifta ido ba. "Ka san mutanen ƙauye. Ga ta nan. Matar marigayi wana ce, riƙo muke saboda Allah."

Saura kaɗan Talatu ta tona. Ga kwalbar nan ta turo aljihunsa, ga gemunsa na ƙyalli. Amma ba a ƙaryata maigida gaban baƙo, haka aka tarbiyyantar da ita. Ta tattara kwanuka ta fita.

Kwangila kuwa an sa hannu. Ashe tun da safe aka kai raguna biyu masaukin Injiniya. Kifi bai taɓa shiga lissafin ba.

*

Ran Asabar da hantsi, leburori na kwance jinkar ɗakin Dabo, Talatu na zaune a bakin tasha bisa ƙullin kayanta, tana jiran akori-kura mai zuwa Babban Mutum. Auta na rungume da kwalla, ɗan kifin ya warke, sai zagaye yake.

Fijon Alhaji ta zo ta wuce, ta nufi hanyar Kano. Direba ne kaɗai a ciki. An jera matasai a kujerar baya, kada sababbin kifayen da za a sayo su ji jijjiga a hanya.

"Inna, can garinku akwai abincin kifi?"

Talatu ta ciro gefen mayafinta ta rufe bakin kwallar, don rana ta fara zafi.

"Riƙe da kyau," ta ce. "Kada ya zube."