Hannun Kaka a Kan Kek

Duk wanda ya iya karanta zanen gini, babu zanen da zai gagare shi a duniya, kuma tsakanin siminti da fulawa bambancin kala ne kawai. Haka Injiniya ya sanar da iyalinsa wajen karin kumallo. Babu wanda ya musa, domin bakin kowa a cike yake.

Mutumin ya ƙare aikinsa ne a ofishin da ake duba zanen gidaje kafin a ba da izinin gini, kuma da jan biro ya yi suna. Tun da ya yi ritaya biron ya rasa abin yi, sai gyaran rubutun kalanda da na kwalin magani.

Zanen da ake magana a kansa yana manne a ƙofar firji. Jikarsa ce ta yi shi, wadda gidan ke kira Aku saboda bakinta ba ya hutawa. An yi wa babanta canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, har an ɗaure katifu, sai ga ranar haihuwarta ta faɗo ana gobe tafiya. Da aka tambaye ta irin kek ɗin da take so, ta kai yatsa kan takardar ta ce, "Wannan. Sak."

Gida ne a tsakiya, tagogi birjik, babu ƙofa. Rana tana kusurwa tana murmushi. A hagu ga wani dogon tsoho da ya fi gidan tsawo. Can dama, a bakin takardar, ga wata 'yar mitsitsiya cikin jar riga. Hannun tsohon ya taso daga kafaɗarsa, ya haura rufin, ya bi ta ƙarƙashin rana, ya gangaro har ya kama nata.

"Mu kai wa mai kek ta bayan layi," in ji Iya, matarsa. "Sana'arta ce."

"Ina raye a kai zane waje?"

"To ka taɓa fasa ƙwai?"

"Na ga ana yi."

Aka raba aiki. Iya za ta gasa, wato harsashi, shi kuma zai yi ado, wato ginin kansa. Kek ya fito daga obin da hantsi, faffaɗa, mai kusurwa huɗu. Da ya huce, Injiniya ya ɗaura zanin girkin Iya a kan rigarsa, ya jera rula da kamfas da fensir a gefen tukwane. Ya kwafe zanen a takarda mai shara-shara, ya shimfiɗa ta a kan farin aisin, wato kwaɓin sukari da bota da ya riga ya shafe kek ɗin da shi, ya bi layukan yana hudawa da tsinken sakace. Kofunan shayin gidan duka suka koma mazubin kala. Ja ya fito ruwan hoda, ya ƙara, ya ƙara, har yatsunsa suka zama kamar na mahauci. Ya ɗura aisin a leda, ya yanke kusurwa, ya gwada a faranti. Bangon farko ya fito kamar tana. Ya lashe shi kafin a samu shaida.

Da ƙofa abin ya fara.

"Gida babu ƙofa," ya ce. "In gobara ta tashi fa?"

"A kan kek?" in ji Iya.

Ya sa ƙofar. Da ya sa ta, sai ya ga tsohon ba zai iya shiga ba, ya rage masa tsawo. Rufi kuma ba ya zama babu indararo, ya ja masa guda. Sannan ya ɗora rula a kan hannun, ya ga ya ninka faɗin gidan, ya cire gilashinsa ya goge.

"Yarinyar ta ce sak," Iya ta tuna masa.

"Ni ma sak nake yi. Sak ɗin da take nufi, da ta iya."

Ya yi wa tsohon hannu irin na mutane, da gwiwa a inda gwiwa take, ya tsayar da shi a gefen cinya.

Gaskiya ita ce kek ɗin ya yi kyau. Bango a miƙe, tagogi a jere, ko hukuma aka kai wa za ta buga hatimi. Iya ma sai da ta tsaya ta kalle shi.

Da yamma aka taru a falo, tsakanin balan-balan da kwalayen kayan tafiya. Yaran maƙwabta sun zagaye babban teburin cin abinci, surukin Injiniya ya ɗaga waya yana jira. Aka shigo da kek aka yi tafi. Aku ta hau kujera ta durƙusa a kai, ta leƙa, ta yi shiru. Shirun ne ya sa uwarta ta juyo.

"Kaka, ina hannun?"

"Ga shi nan, sarauniyar surutu. Har da yatsu, duba ki gani."

"Bai kai ba."

"Ai ba zai kai ba. Shi hannun ɗan Adam, in kika auna daga kafaɗa..."

"To in mun tafi fa?"

Ta dubi 'yar jar rigar, ita kaɗai a bakin kek, gida guda tsakaninta da tsohon. Ba ta yi kuka ba. Ta dai faɗa, kamar mai ba da rahoto, "Ka sake ni."

"Aku, ce wa Kaka kin gode," in ji uwarta.

Injiniya ya waiga wajen Iya. Ta matso ta ce a hankali, "Babu sauran aisin. Ƙofa da indararo sun cinye."

Ya tsaya yana kallon aikinsa. Sai ya zagaya teburin ya koma ɓangaren da tsohon yake, ya ce, "Ke, tsaya nan inda kike." Ya miƙa hannun damansa, ya haura rufin, ya bi ta ƙarƙashin rana. Teburin ya fi yadda yake tsammani faɗi. Sai da ya rankwafa, tumbinsa ya tokare da katako, dugadugansa suka bar ƙasa, sannan yatsansa ya isa. Ta cafke.

"Ya kai?"

Ta duba daga kafaɗarsa zuwa hannunta, a tsanake, yadda ake duba zanen da aka kawo neman izini.

"Ya kai. Kada ka motsa."

A haka aka kunna kyandir, a haka aka hure. Uwar ta riƙa zura wuƙa ta ƙarƙashin hammatar ubanta tana yanka, suruki yana ɗaukar hoto yana cije leɓe. Bakin Aku ya dawo. Tana ci da ɗaya hannun tana bayyana wa yara cewa kakanta yana iya miƙa hannu har garin da za su, in mota ba ta taka shi ba.

"Injiniya," in ji Iya, "me za a ajiye maka?"

"Ƙofar."

Sai dai wani yaro ya riga ya shige da ita. Indararo ya bi baya, rana ma ta tafi, tire ya rage daga shi sai ɓurɓushi. Hannun rigar Injiniya ya sha shuɗi da ja har gwiwa, hannun kansa kuma ya daɗe da daina jin komai.

Yara suka watse. Aku ta kwantar da kai a kan tebur, tana cikin labari barci ya ɗauke ta, yatsan yana cikin tafinta.

"Baba, zare a hankali," in ji 'yarsa. "Ba za ta sani ba."

Ya girgiza kai. Suruki ya turo masa kujera, amma in ya zauna hannun ba zai kai ba. Iya ta ɗauko matashi ta cusa tsakanin tumbinsa da bakin teburin, ta ci gaba da kwashe farantai tana zagaye shi.