Mai Lema a Kan Rumbu

Shekara uku Abdulbasit yana kallon fina-finan yaƙi a gidan kallo na bakin kasuwar Gummi, kuma babu abin da ya tsaya masa a rai kamar sojojin nan da ke dirowa daga jirgi da lema. Ya faɗa wa kowa shi ma haka zai zama, har abokai suka laƙaba masa Mai Lema. Ya faɗa wa Lubabatu, 'yar kawunsa da zuciyarsa ta daɗe da zaɓa, ya fi sau goma. Abin da bai taɓa faɗa ba shi ne, ko katangar gida ya hau sai jiri ya ɗebe shi.

Da aka buɗe ɗaukar soja, mahaifinsa Malam Makau ya ce takardar amincewa guda zai sa wa hannu, ya zaɓa kafin Juma'a: sojan ƙasa, na sama ko na ruwa. Tun ranar nan abinci ya daina yi masa daɗi. In ya janye, da wane ido zai dubi Lubabatu?

Ranar Laraba aka kwaso gero daga gona. Wansa Yahaya da ya saba hawa rumbu ya tafi Anka.

"Kai da za ka diro daga jirgi," in ji Malam Makau, "hau ka amshi dammuna."

Abdulbasit ya taka tsani har bakin rumbun. Da aka cillo masa damin farko ya leƙo ƙasa, sai tsakar gidan ta shiga juyawa da shi. Damin ya wuce ta gefen kunnensa. Ya rungume wuyan rumbu, ya ƙi saki. A daidai lokacin Lubabatu ta shigo da ƙwaryar fura.

Kallo ɗaya ta yi masa ta ajiye ƙwaryar.

"Baba, tsanin ga rawa shikai. Bari in riƙe mishi."

Ta kama tsanin, ta yi ƙasa da murya. "Rufe ido, Mai Lema. Ƙafa guda guda. Ina nan."

Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya zauna daɓas, ya kasa ɗaga kai.

"Kin gani ke nan," ya ce.

"Yau na fara gani? Tun muna yara ni ka hawa mangwaro, kai kana tsinta." Ta miƙa masa ludayi. "Amma bara da gulbi ya kawo, wa ya faɗa ruwa ya fiddo maƙwabciyarmu Inna Sahura da akuyarta? Duk masu kallon fim ɗin ga bakin gaɓa sunka tsaya suna salati."

Sai a lokacin ya ɗago kai ya karɓi ludayin.

Malam Makau ya karkaɗe ƙaiƙayi daga rigarsa. "To, wacce za ni sa ma hannu?"

"Ta ruwa, Baba."

"Alhamdu lillahi. Da ban aiki Yahaya Anka ba, da har gobe kana ta fama da kanka."

Abdulbasit ya kafa kai ya sha furar nan kamar wanda ya kwana uku bai ci ba. Lubabatu ta jira ya kusa shanyewa, sannan ta ce, "An ce fa jirgin ruwan ma akwai bene."

"In zauna ƙasa," ya ce, ya miƙa mata ƙwaryar ta ƙaro.