Ragar da Inshirah Ta Ƙi Cirewa

Tun ina budurwa nake rawa a gidajen dare na titin Haram, hanyar zuwa dalar fir'aunoni, kuma ban taɓa hawa dandamali cikina a buɗe ba. Akwai raga mai launin fata da muke rufe ciki da ita. Wadda ta cire, ita 'yan sanda za su tasa ƙeyarta, mai gida kuwa yana zaune yana zuƙar shisharsa.

Rannan ina ɗaura ƙarau sai ga Fauzi, mai gidan da nake aiki.

"Inshirah, kin ga mutumin teburin gaba? Dillalin shanu ne daga kudu. Wani direban tasi ya cika shi da ƙarya, wai a nan mata tuɓewa suke yi tik. Tun ɗazu yake mita."

"To ya koma direban ya tuɓe masa mana."

"Bar wasa. Ragar kawai za ki cire. In ya fita ransa a ɓace, ke ma ki bi shi. Ga yara nan birjik suna jiran wurinki."

Mugu, ya san inda ke mini ciwo. Na haura arba'in, gwiwata ta hagu tana ƙara in na durƙusa, kuma in na bar gidan nan babu mai ɗaukata a duk titin. Amma haushina ya fi tsorona yawa.

Baba Girgis, makaɗina, ya saki ganga, na fito da ragata daram. Sai ga mutumin: kwat ta matse masa hammata, baƙin tabarau a cikin wannan duhu, kai ba rawani, sai mayafin ulu a wuya. Da gani ka san ya bar jallabiyarsa a masauki don kada a gane shi. Bai taɓa farantin 'ya'yan itacen da ke gabansa ba, sai huci yake.

"Ke," ya ce, "wannan gidan sauron da kika ɗaura a ciki fa? Na kwana a jirgin ƙasa don in kalli gidan sauro?"

Aka yi dariya. Na juya masa baya na ci gaba da aikina.

Al'adarmu ce, wanda ya yi liƙi sai a tsayar da kiɗa a gaishe shi a lasifika, shi da garinsu. Wani mai sayar da kifi daga Iskandariyya ya watsa mini kuɗi, na gaishe da mutanen bakin teku, aka yi ta tafi. Ai kuwa dillali ya kasa zama. A gaishe da mai kifi a gabansa, shi a bar shi kamar kujera? Ya zaro damin kuɗi ya yafito ni.

"Ki gaishe ni, gaisuwar da ta fi tasa. Sannan ki cire tsumman nan."

"Da wane suna, ranka ya daɗe?"

Masu wayo laƙabi suke bayarwa. Amma mutumin kudu in ana gasar suna, ya gwammace ya mutu da ya yanke nasa. Ya manta da kwat, ya manta da tabarau. Ya zayyano mini kansa da ubansa da kakansa da ƙauyensu, Naga Sallum.

Ni kuwa na san wasu 'yan Naga Sallum. Direbobin motocin kankana ne, duk ƙarshen mako suna teburin baya kusa da ƙofa, kwalba ɗaya suke rabawa. A daren ma suna nan.

"Duka zan faɗa?" na tambaye shi.

"Duka. Kada ki rage harafi."

Na ɗaga wa Baba Girgis hannu, ganga ta yi shiru. Na buɗe murya yadda ban taɓa buɗe ta ba.

"Gaisuwa dubu ga babban baƙonmu, Alhaji Abdurradi ɗan Hindawi jikan Ukasha. Gaisuwa ga Naga Sallum da mazajen Naga Sallum, duk inda suke su miƙe."

Wanda aka kira garinsu ba ya zama, abin kunya ne. Direbobin suka miƙe tun kafin su gane abin da suka ji, suka nufo gaba hannuwa a buɗe. Na farkonsu ya tsaya turus.

"Alhaji, kai ne? Ba ziyarar hubbaren Sayyida Zainab ka ce za ka ba? Har uwata ta ba ka saƙon addu'a."

Alhaji ya ja mayafinsa ya rufe kai da fuska, ya miƙe, ya yi karo da teburi, inabi ya watse. Da lalube ya sami ƙofa.

Fauzi ya hau dandamali, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Kin gama a gidan nan. Sauka."

"Na gama a gidan, ban gama rawata ba. Matsa."

Baba Girgis bai jira izinin kowa ba. Ya buga mini kiɗan da yake buga mini tun gwiwata na da lafiya, na yi shi har ƙarshe, na durƙusa na tashi, gwiwar ta yi ƙararta, ban kula ta ba. Mai kifi ya miƙe yana tafi, direbobin ma haka.

A ɗakin shiri na naɗe kayana, ban san inda zan dosa gobe ba. Fauzi ya tsaya bakin ƙofa.

"A kan ɗan ƙyalle kika kashe kanki, Inshirah. Me kika samu?"

Na ninke ragar na sa a jaka, na ratsa ta gefensa.

"Ya zo ne in tuɓe," na ce. "Ni na fita yadda na shigo. Shi ka ga yadda ya fita."