Layi Huɗu don Jimrau

Hamsatu ce ke kula da ordinata, wato kwamfuta, a wani ƙaramin gidan rediyo a Dakoro. Ita ke ɗaukar muryoyin masu shiri, ta jera su, na'ura ta riƙa sakinsu kowane a lokacinsa. Ba ta taɓa zama gaban mikro ba, don tana da i'ina tun ƙuruciya, kuma abokan aiki sun saba jiranta ta ƙarasa magana.

Jimrau ne kaɗai ba ya jira. Shi ke da shirin barkwanci na ranar kasuwa, bakinsa kuwa ba linzami. Wata rana labari ya ƙare masa ana tsakiyar shiri, sai ya kama kwaikwayon yadda Hamsatu ke cewa sannu da zuwa, har da ambaton sunanta. Kafin sati ya zagayo, masu tumatir a kasuwa da wannan i'inar suke gaishe ta. Ba ta kai ƙara ba. Ta dai adana muryar shirin, ta daina amsa gaisuwarsa.

Bayan wata biyu aka tura ta Maradi koyon aiki na kwana biyar wajen wata Madam Rahma. Can ta koyi rubuta wa ordinata umarni cikin baƙin allon nan da ake kira shell. A rana ta uku aka zo kan sharaɗi: if, wato idan abu kaza ya tabbata, then, to a yi kaza, else, in ba haka ba a yi wancan, fi kuma ya rufe zancen. Sauran ɗalibai suna ta gwaji da sunayen garuruwa, ita kuwa suna ɗaya ne ke yawo a kanta.

Da ta dawo, ta ƙara layi huɗu cikin umarnin da ke sakin shirye-shirye. Idan sunan shiri jimrau ne, a saki kiɗan gurmi a madadinsa, in ba haka ba a saki shirin yadda aka saba. Ba ta gwada ba, gudun kada wani ya leƙo. Ta nemi izinin zuwa suna Birnin Lalle ranar kasuwa, don kada a ce tana kusa.

Tana cikin mota lokacin shirin Jimrau ya yi, rediyon direba ya kama gurmi. Daɗi ya cika ta har ta rufe baki da mayafi. Amma lokacin sanarwa ya zo, gurmi ne. Na kiwon lafiya ma gurmi. Har la'asar babu abin da ya fita sai gurmi, kuma a gidan rediyon babu wanda ya san inda zai taɓa.

Washegari darakta, Malam Abdulganiyu, ya ɗauki hoton allon ya aika wa Madam Rahma, ya kira ta, ya buɗe muryar wayar kowa na ji. Ta ce Hamsatu ta manne alamar daidai da kalmomin da ke gefenta, ba ta bar fili ba. In aka manne su, na'ura ba ta kwatanta komai, kowane shiri sai ta amsa e. Sannan ta tambaya wane ne Jimrau.

Darakta ya kashe wayar. Ya gaya wa Hamsatu cewa cikin sanarwar da ba ta fita ba akwai ta raƙuman wani makiyayin Azagor da suka ɓace, da ta rasuwar wani dattijo a Ɗan Gulbi, wanda ƙanensa bai ji ba sai bayan an rufe shi. Wannan ta soke ta. Ta ce ita za ta je ta ba su haƙuri da bakinta, komai daɗewar da maganar za ta yi.

"Jimrau fa?" in ji darakta.

"Shi ban yi n-nadama ba, Malam."

Ta kunna muryar da ta adana. Darakta ba ya gari ranar da aka yi shirin, bai taɓa ji ba. Ya saurara har ƙarshe, Jimrau na tsaye yana kallon ƙasa. Aka dakatar da ita sati biyu, shi kuma aka ce shirinsa ba zai koma ba sai ya nemi gafararta a rediyo.

Babu mai iya ɗaukar murya sai ita, dole ya jira ta dawo. Ranar ya zauna gaban mikro ya karanta abin da ya rubuta. Ta ce akwai ƙara, ya sake. Ya sake, ta ce ya yi sauri. Sai a karo na shida, gumi ya jiƙa masa riga, ta ɗaga hannu ta ce ya isa. Na farkon ta saki, don babu abin da ya same shi.