Warin Mai a Rijiya

Na Allah ya jawo guga karo na uku da safiyar nan, ya kai hanci bakinsa, kamar dai ruwan zai canja shawara tsakanin jiya da yau. Bai canja ba. Warin mai yana nan, ga wani maiƙo mai ƙyalli yana yawo a sama. Ya sheƙar da ruwan a ƙasa, ya zauna a bakin rijiyar.

Kwana biyar ke nan ba mai sha daga rijiyar. Mahaifinsa ne ya haƙa ta, gaba ashirin da biyu, kuma ita kaɗai ce mai ruwan daɗi a ƙauyen. Tun rasuwar tsohon, kula da ita ta dawo wuyan Na Allah. Yanzu mata sai su ɗaura wa jakuna jarkoki da sassafe su nufi ƙauyen gaba, ba su dawowa sai azahar. Matarsa Furera tana cikinsu, ga ciwon baya.

Kowa ya san mai laifi. Da damina wata motar kamfanin mai ta taso da lodi daga matatar mai, ta kife a gefen kwaltar Tasawa, kusa da ƙauyen, nisan bai kai na zuwa gona ba. Kamfanin ya turo mutane, suka kwashe ƙasar sama, suka zuba sabuwa, suka ɗauki hoto, suka tafi.

Na Allah ya fi kowa tsoro, don ya fi kowa sani. Shekara shida ya yi yana lebura a kamfanin nan, can gabas cikin rairayi. Babban kamfani ne, tsoho, direbobi sun ce ya haƙa a ƙasashe da yawa kafin ya iso nan, kuma ba ko'ina ya baro da sunan kirki ba. Da idonsa Na Allah ya ga ramukan da ake zuba baƙar laka, ya ga tsuntsun da ya sauka ciki bai tashi ba. Ya san idan mai ya gangara cikin ruwan ƙasa, magana ta ƙare, sai dai jikoki su ji labarin an taɓa yin rijiya a nan. Saboda haka kwana biyar ɗin nan babu zagin da bai yi wa kamfanin ba, a dandali da ƙofar masallaci, har muryarsa ta dishe.

Da hantsi farar mota ta tsaya. Mai gari Danda, wanda ya kai ƙara Mairi, wato ofishin magajin gari, ya fito, bayansa wata mace da jaka a kafaɗa.

"Ga Madam Sa'adatu," in ji mai gari. "Kamfani ya aiko ta auna ruwa. Ɗiyar Tasawa ta, ba baƙuwa ba."

"Ina kwana, Baba," ta ce da Na Allah, ta ɗan rusuna.

"Lahiya," ya amsa a taƙaice. A ransa ya ce sun turo ta gida don a ji kunyar yi mata faɗa.

Ba ta taɓa gugarsa ba. Ta ɗauko wata kwalba mai murfi da siririyar igiyarta, ta miƙa hannu tsakiyar rijiyar, ta zura har can ƙasa. Da ta jawo, ta buɗe, ta sansana, ta ɗiga wani magani, ta jira. Sannan ta miƙa masa.

Ya sansana. Ba komai. Ya sake sansanawa har ruwa ya taɓa masa hanci.

"Na ƙasa lahiya lau yake, Baba. Sai na kai an gwada sosai, amma in daga ƙasa man ke tasowa, da wannan ya hi wari. Daga sama yake shiga."

Ta durƙusa tana duban itatuwan da aka gicciye a bakin rijiyar, inda igiyoyi ke gogawa. Ta shafa ɗaya, ta duba yatsanta. Ya yi baƙi ƙirin.

"Itacen ga sabbi na?"

"Awo. Gara ta cinye na da. Ni na sake su, sati bai cika ba."

"Mi ka shafa musu?"

Na Allah ya dubi baƙin yatsanta, ya tuna. Ranar kasuwa ya karɓo galan guda na baƙin mai wurin mai gyaran babura, wanda ake tsiyayewa daga inji. Duk garin nan haka ake yi wa azarar ɗaki da ƙafafun rumbu, gara ba ta kusantar su. Shi kuwa da yake rijiyar uba ce, bai yi rowa ba, sau biyu ya shafe itacen har yana ɗiga. Kowace igiya ta goga ta sauka da rabonta.

Wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Kunya ce, amma daɗin da ke bayanta ya fi ta yawa nesa ba kusa ba. Ya dafa ƙasa ya zauna, idanunsa suka cika.

"To ba ta mutu ba ke nan?" ya tambaya.

"Ba ta mutu ba. A cire itacen, a sake igiyoyi, a yashe ta sau biyu ko ukku. In sakamako ya hito zan aiko."

Mai gari Danda ya yi gyaran murya, ya waiga ko da mai ji. Ya matso kusa da Na Allah, ya rage sauti.

"Kai, riƙe bakinka tukuna. In munka yi shiru, halan su yi muna fanfo. Su da kuɗi kamar ƙasa."

Sa'adatu ta ji, ta yi kamar tana gyaran jaka.

Na Allah ya dubi hanya. Ayarin mata ne ya ɓullo, yau sun yi saurin dawowa don ganin mota. Furera tana can baya, hannu ɗaya a ƙugu, tana takawa a hankali. Fanfon kamfani, in ma zai zo, sai baɗi ko baɗin baɗaɗa. Yasar rijiya kuwa kwana uku ce.

"Ranka shi daɗe, a yi mini haƙuri," ya ce. Ya miƙe, ya ɗaga disasshiyar muryarsa. "Jama'a, ba kamfani ba na! Ni na! Ni na shafa ma itace baƙin mai!"

Matan suka yi cirko-cirko. Wata ta fara salati, wata ta fashe da dariya, sai dariyar ta kama sauran. Mai gari ya kaɗa kai ya nufi inuwa.

Furera ta ƙaraso, ta tsaya gabansa tana mayar da numfashi. Ta dubi itacen, ta dube shi, ta daɗe tana dubansa.

"Malam, ruwan zai dawo?"

"Zai dawo, in Allah ya yarda."

"To alhamdu lillahi." Ta share ido da bakin mayafi, ta miƙa masa igiyar jakinsu. "Kahin shi dawo, ga abokin tahiyarka. Jarka huɗu muke sha a yini."